Malam Mato da Gilashin Kasuwar Rano

"Lafiya ƙalau, amarya. Ya karatu? Ko har yanzu ke ce ta ƙarshe a ajin naku?"

"Karatu da godiya, tsoho. Ta ƙarshe kuma ai sai ranar da ka shigo ajin, ka karɓe ni."

Hantsi ne na ranar Asabar, saura kwana shida a ɗauki azumi. Malam Mato na zaune a kan buzu a ƙofar zaurensa da ke Unguwar Gai, Alƙur'aninsa a buɗe a gabansa. Shekara ashirin da bakwai ke nan shi yake jan baƙi a tafsirin masallacin unguwa, shi ya karanta aya, liman ya fassara. Wadda ta durƙusa gabansa da kwanon fura kuwa Afra'u ce, jikarsa, 'yar ɗansa Bello, tana aji biyar a sakandare a Kibiya. Ta ɗago kai ke nan ta ga wani sabon gilashi mai ruwan gwal ɗare a hancinsa.

"La ilaha illallahu! Tsoho, wa ya ara maka ido?"

"Aro? Jiya na shiga Rano da kaina na zaɓo shi. Mai shagon ya ce tunda yake bai taɓa ganin fuskar da gilashi ya karɓa kamar tawa ba. Har 'yan mata biyu sai da suka tsaya kallo."

"Tsayawa suka yi su ga ko za ka faɗa kwata, su kira mutane."

"Baƙin ciki ne ke cin ki. Na duba madubi, na ga saurayi."

"Madubi ai mayar maka da abin da ka ba shi yake. Haske ya faɗa kansa ya dawo, shi ke nan aikinsa. In ka ga saurayi, to yaron shagon ne ke tsaye a bayanka."

Malam Mato ya yi tsaki, ya gyara zaman gilashin, ya sunkuya kan shafin. Afra'u ta lura yana ta ƙifta ido. Ya ɗaga littafin ya miƙa shi nesa iyakar tsawon hannunsa, ya dawo da shi, ya sake miƙawa.

"Karanta min layin farko mana, angona."

Ya karanta tiryan-tiryan, da muryar nan tasa mai daɗi.

"Ma sha Allah. Sai dai wannan shafin jiya ka karanta min. Iska ta juya maka takarda tun ɗazu, ba ka sani ba."

Tsohon ya cire gilashin, ya murza idanunsa da bayan hannu. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Wata uku ke nan, Afra'u. Baƙin sai ya haɗe min kamar tururuwa. Nesa ina gani rangaɗau, daga nan ina iya ƙirga miki tsuntsayen da ke kan kukar can. Amma abin da ke hannuna ya gagare ni. Inda na haddace ba damuwa, to ai ba duka na haddace ba. Na sayo wannan don in rufa wa kaina asiri, sai ga baƙin ya ƙara ƙanƙancewa. Yau da la'asar nake shirin in je in ce wa liman ya nemi wani."

Afra'u ta ajiye ludayin da ke hannunta. Tun tana goye ake kai ta tafsirin nan, ba ta san azumi da wata murya ba sai tasa. Amma ta san in ta nuna tausayi yanzu, tsohon zai rufe bakinsa ruf.

"Au, murabus za ka yi? To ni na aure ka ne saboda muryar lasifika. In ka sauka, gidanmu zan tafi."

"Ki tafi mana. Wa zai kwashe ki, kina dama fura da gudaji?"

"Ba ni gilashin tukuna. A ina ka gwada shi?"

"Na ce miki a madubi."

"Takarda fa? Ka karanta wani abu da shi kafin ka taho?"

"Ni da na je sayen kwalliya, wa ya ce min jarrabawa zan zauna?"

Ta shafa gilashin tsakanin yatsunta biyu, ta yi murmushi. Ta shiga zaure ta fito da tambulan cike da ruwa, ta zari alƙalaminsa na kara daga gefen tawada ta tsoma ciki.

"Duba ta gefe."

"Innalillahi! Kin karya min alƙalami! Shekararsa huɗu!"

Ta zaro shi, ga shi nan a miƙe sambal.

"Ke, dama na sha faɗa wa Bello, akwai maita a dangin uwarki."

"Daga wajen uba na gado ta. Ba alƙalamin ne ya karye ba, haske ne. Duk lokacin da haske ya fita daga ruwa ya shiga iska, ko daga iska ya shiga gilashi, sai ya karkace hanya. Ido kuma bai san an yi kwana ba, sai ya ga abu a inda ba nan yake ba. Malam Salahuddeen, malaminmu na fiziks, sati uku yana koya mana wannan."

"Sati uku a kan karyayyen kara? Allah Ya jiƙan kuɗin makaranta."

"Saurara dai. A cikin idonka akwai wani ɗan gilashi da Allah Ya halitta, shi ke tattara haske ya kai shi bayan ido. Yana da taushi, yana kumbura in za ka kalli abu na kusa. In mutum ya tsufa sai ya ƙandare, ya ƙi kumbura."

"Wa ya tsufa?"

"Wani ne can a garin Fassi. To shi wannan mutumin, gilashi mai tudu a tsakiya yake bukata, wanda zai taya shi tattara hasken. Kai kuma shafa naka ka ji."

Ya shafa. "Kamar da ɗan kwarmi a tsakiyar."

"Yawwa. Wannan watsa haske yake. Na masu ganin kusa ne waɗanda nesa ke yi musu hazo. Kana da ciwon kai, ka je ka sayo maganin basir."

"Ƙarya kike, 'yar nema. Gilashi ai gilashi ne."

"Miƙo bayan hannunka."

Ta jawo hannun zuwa inda rana take, ta riƙe gilashin a samansa, tana ɗagawa tana saukewa. Ba abin da ya bayyana sai wata inuwa da haske fari-fari kewaye da ita.

"Ka ji wani abu?"

"Na ji yunwa."

"Kar ka motsa."

Ta ruga cikin gida. Jim kaɗan ta dawo tana ɓoye wani abu a cikin hijabi. Da ta fito da shi sai Malam Mato ya ja da baya. Gilashin matarsa Iya Asibi ne, wanda aka ba ta lokacin da masu duba ido suka zo Kibiya, ja jawur, da 'yan furanni a kowane gefe.

"A'uzubillahi! Mayar mata da kayanta."

"Hannu dai, jarumi."

Ta riƙe gilashin a rana a saman hannunsa, ta ɗaga a hankali. Hasken ya yi ta tsukewa a kan fatarsa har ya koma ɗan ɗigo fari tas kamar ƙwayar gero. Malam Mato ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fizge hannu ya daka tsalle daga kan buzun.

"Wayyo! Za ta kashe ni ta ci gado!"

"Gadon me? Buzu da butar alwala? Ka ga abin da nake faɗa maka. Wannan tattarawa yake, duk hasken ranar da ya faɗo kansa ya haɗa shi wuri guda. Saka shi."

"Ni Mato? Da furanni? Jikokina goma sha tara!"

"Ba kowa a layin sai akuya, ita kuma ba ta da waya."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya karɓa da yatsu biyu kamar an miƙo masa kunama, ya ɗora a hanci, ya sunkuya kan shafin.

Ya sa yatsa a kan layin farko, ya bi shi har ƙarshe. Sannan ya fara karantawa a hankali, aya ɗaya, biyu, uku. Ya juya shafi ya ci gaba. Afra'u ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Sai da ya kai ƙarshen shafi na biyu ya tsaya, ya ɗaga gilashin ya goge ido da hannun riga.

"Kuka kake, tsoho?"

"Yajin daddawar kakarki ne a jikin abin nan. Har wasali nake gani, Afra'u. Har ɗigon tawadar da ta zuba tun zamanin mahaifina."

"To maganar liman fa?"

"Wane liman? Ni na ce zan je wajen liman? Sai dai ba zan shiga masallaci da furanni a fuska ba, yaran unguwar nan sai sun sa min waƙa."

"Jibi Litinin Baba zai kai ka asibiti a Rano a auna idon, a ba ka daidai lambarka. Kowane ido da tasa. Kuma a wannan karon takarda za ka duba, ba kyanka ba."

Kafin ya ba ta amsa, muryar Iya Asibi ta taso daga tsakar gida.

"Wai wane mara tsoron Allah ne ya ɗauke min gilashi ina tsakiyar tsintar shinkafa?"

Malam Mato ya dafe gilashin da hannu biyu, ya rage murya. "Ce mata ba ki gani ba."

"Malami guda, mai jan baƙi, saura kwana shida azumi, zai sa ni ƙarya?"

"To ce mata yana wajen aikin Allah. Shafi biyu kawai zan ƙara."

"Bakina ba ya rufuwa haka nan."

Tsohon ya dube ta ta saman jan gilashin, ya fashe da dariya har furannin suka zamo zuwa ƙarshen hancinsa.

"Kin ci ni, 'yar boko, na sallama. Shiga ɗakina, bayan ƙofa akwai ƙwarya da ƙwan zabi goma sha biyu, kwashe duka. Amma ki bi ta bayan rumbu, kar ta gan ki."