Yadda Ake Zaɓen Gada Tsakanin Python da C Har a Kasa Rabuwa da Kai

Kana so ofis ya kasa numfashi in ba ka nan? Bi hanyar Moukoko, abokin aikinmu a nan Duwala. Tabbas za ka dace, domin shi ya dace har ya wuce gona da iri.

1. Raina mai sauƙi

An ce ya haɗa sabuwar manhajarmu ta Python da tsohuwar ta harshen C, mai kula da sanyin rumbun kifi. Akwai ctypes, akwai cffi, gadoji ne ginannu, kafin a sauke miyar ndole daga wuta an gama. Kada ka kusance su. Abin da kowa zai iya gyarawa, kowa zai iya ƙwace maka.

2. Gina taka da hannu

Moukoko ya ce wa Madam Ebongue, shugabarmu, gadar hannu ta fi gudu. Ka faɗi haka kana yamutsa fuska. Kada ka bari a tambaye ka ina ma'aunin sanyi zai je da gudu.

3. Kada ka fayyace mai shara

Duk wurin da aka ara a ƙwaƙwalwar na'ura, dole wani ya share shi. Bar Python ta zaci aikin C ne, C ta zaci na Python ne. Shara ta taru, na'ura ta sume, kai kaɗai ka san inda ake yayyafa mata ruwa.

4. Girbi abinka

Ngondo, bikin shekara na bakin kogi, ya zo. Tun damina Moukoko yake atisayen tseren kwale-kwale, ya samu gurbin da mahaifinsa ya taɓa zama a jirgin unguwar Bonaberi. Ya shiga neman hutu yana murmushi.

"Ɗana, in ka tafi na'ura ta sume, wa zai tashe ta?" in ji Madam. "Kifi zai jira ka?"

Ya ce zai koya wa wani. Ta tuna masa shi da bakinsa ya ce gadar ba ta koyuwa.

Ranar tsere yana zaune gaban na'ura, ganguna na tashi daga bakin kogin Wuri, hawaye na zuba. Surukinsa aka ba gurbin. Bonaberi kuma ta ci.

Gargaɗi

Ni dai hanya na nuna. In ka bi ta aka kasa rabuwa da kai, kada ka zo mini da kuka, ina bakin kogi.