Ranar da Na Hura wa Firinta Iska

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a makarantarmu ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Ni malamin aikin gona ne a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, can gefen Kunci. Amma ba da koyarwa aka fi sanina ba. In injin ban-ruwan wani ya ƙi tashi, ni ake nema. Babur ya fara tari, ni. Maganina kuma kusan ɗaya ne kullum: in kwance kabureta, in kai baki in hura, in mayar, inji ya ɗauka. Wannan ya sa kaina ya ɗan kumbura (matata ta ce ba "ɗan" ba ne, amma ku rabu da ita).

A shekarar, iyayen yara suka gaji da ganin ana rubuta jarrabawa a allo, yara na kwafa rabin lokaci ya tafi. Bayan kaka kowane gida ya kawo abin da ya samu, wani tiyar gyaɗa, wani ta gero, aka sayar aka sayo mana firinta daga Kano. Hedimasta ya sa ta a ofishinsa, ya rufa mata sabon tawul. Jarrabawa ran Litinin, ran Alhamis kuma kwamitin iyaye za su zo su ga abin da guminsu ya saya.

Malama Rabi, mai koyar da Hausa, ita ta buga tambayoyin a kwamfuta. A fuskar kwamfutar komai tsaf. Da aka tura firinta kuwa, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsu. Takardar lissafi ma haka, rabin alamomin sun koma akwatuna. Aka sake turawa, akwatunan suka sake fitowa.

Hedimasta ya dube ni. Ni kuwa dama jira nake a dube ni.

Malama Rabi ta ce a hankali, "Malam, da an bari na canza salon rubutun, ina jin firintar ce ba ta san wannan ba."

Wallahi na ji ta sarai. Amma sai na yi irin murmushin nan na manyan makanikai, na ce, "Malama, wannan ba aikin danne-danne ba ne. Inji ne ya toshe. Hanyar da ƙananan haruffan nan ke bi ce ƙura ta cike." Har da nuna mata da yatsa yadda lanƙwasar ƙ take da siriri, wai shi ya sa ta kasa wucewa. (Ina na samo wannan ilimin? Ni ma har yau ban sani ba.) Ta ce to, ta ja kujera ta koma gefe.

Na je na ɗauko sukundireba a ƙarƙashin sirdin babur ɗina. Na naɗe hannun farar shaddata, wadda na sa musamman saboda baƙi. Na buɗe murfi, na kwance nan, na kwance can, na zaro wani dogon baƙin abu mai kama da ƙaramin ƙyaure. Na girgiza shi, na ji gari na motsi a ciki. Na ce a raina, yauwa, ga dattin nan. Na sami wata 'yar kafa a gefensa, na cika kumatu, na kafa baki, na hura da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni.

Ashe garin nan shi ne tawadar.

Abin da na ji kawai shi ne "fuu", duniya ta yi duhu. Ido, hanci, gemu, hula, gaban riga, babu inda ya tsira. Ina cikin tari ina laluben hanya na ji sallama a bakin ƙofa. Baba Ɗanjuma ne, shugaban kwamitin iyaye, da dattawa biyar a bayansa.

Babu wanda ya amsa sallamar da kyau. Baba ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Bawan Allah, sannu da aiki. Ina Malam ɗin namu?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Subhanallahi!" Sai idonsa ya sauka kan tebur, inda kayan cikin firinta suke baje a kan tawul. Ya matso ya leƙa su. Can ya ce, "Ita ce wannan?"

Da dariya suka yi, da na ji sauƙi. Amma a mutanen nan akwai wanda na san buhu biyu kacal ya samu a shekarar, kuma ya kawo tiyarsa. Kunya da tsoro suka kama ni. Na goge ido da ruwan buta (wanda ya ƙara dama abin), na hau mayar da kaya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na rufe, na kunna. Ta yi ƙugi, ta ja takarda. Alhamdulillahi, tana da rai! Takarda ta fito, na ɗaga.

Akwatunan suna nan, ko ɗaya bai ragu ba.

Malama Rabi ta miƙe, ta ce, "Malam, ko in gwada nawa?" Ba gori a muryarta, wannan ya fi komai ci min rai. Ta zaɓi rubutun gaba ɗaya, ta canza masa salo, ta tura. Ban gama sharce baƙin gumi ba takarda ta fito, kowane harafi da ƙugiyarsa, kowace alamar lissafi a wurinta.

Baba Ɗanjuma ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya sa wa Malama Rabi albarka. Ni kuma ya dafa kafaɗata ta wajen da bai ɓaci ba, ya ce, "Malam, injina na fadama yana nan yana jiranka. Wannan kuwa, don Allah, a bar wa Malama."

Ran Litinin yara suka rubuta jarrabawa da tambayoyi bugaggu a takarda, karo na farko a makarantar. Daga ranar na koyi cewa in mutum ya ce "da an bari na gwada", to a bari ya gwada kafin a ɗauko sukundireba.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da matata ta zo wanke shaddar, ta tsinci wani ɗan ƙaramin sifirin, irin nannaɗaɗɗen ƙarfen nan, a aljihu. Na cikin firintar ne. Shekara uku ke nan tana aiki lafiya lau babu shi, kuma duk ranar da na ji ta yi wata 'yar ƙara daga ofishin Hedimasta, sai in tsinci kaina ina sauri zuwa gonar makaranta.