Farfesa Laba-Biyu da Bokitin Gwaji

Duk wanda ya ce garinmu Lenggong bai haifi babban mutum ba, bai taɓa shan shayi kusa da Malam Baharom ba. Shekara talatin da ɗaya bawan Allah nan ya yi yana auna wasiƙu a gidan waya. Da ya yi ritaya sai ya ga bai kamata irin wannan ilimi ya tafi a banza ba. Ya sayi sandar fatsa siririya kamar tsinken tsire, da hula mai faɗin faifai, da riga mai aljihu goma sha huɗu. Ya kafa Ƙungiyar Masu Fatsa da Siririn Zare ta Tafkin Raban, ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, Allah kuwa ya ba shi nasara.

Mu a da, zare dai zare ne. In ya tsinke ka ɗaura wani. Malam Baharom ne ya fitar da mu daga wannan duhu. Ya raba zaren fatsa aji-aji, gwargwadon nauyin da zai ɗauka kafin ya tsinke, ya rubuta a allo ya kafe a rumfar mai shayi. Laba ɗaya zuwa biyu, ajin manya. Uku zuwa huɗu, ajin masu tasowa. Biyar zuwa shida, ajin da ake haƙuri da su. Abin da ya haura shida kuwa, ya ce wannan ba fatsa ba ce, ɗaurin akuya ne. Muka sa masa Farfesa Laba-Biyu. Ya ji daɗin sunan har ya sa aka ɗinka masa shi a gaban hula.

"Jama'a," yakan ce, yana kaɗa cokali a kofi, "kowane ƙato zai iya jawo kifi da igiya. Mutum mai tarbiyya lallashin kifi yake yi. Ni da na ga zaren mutum na san gidan da ya fito."

Gaisuwarsa ma aji-aji ce. Mai laba biyu a ba shi hannu biyu. Mai laba huɗu, hannu ɗaya. Mai shida a ɗaga masa gira. A wani ɗaurin aure ya tashi daga gaban tiren shinkafar kwakwa, don an zaunar da shi da wani mai laba goma.

Bana ƙungiya ta shirya gasa, wani attajiri ya sa kyautar sabon injin kwale-kwale. Farfesa da kansa ya tsara doka: ba girman kifi kaɗai za a duba ba, za a raba nauyin kifin da ƙarfin zaren da ya kamo shi. Mutum arba'in da ɗaya suka shiga. Cikinsu har da Baba Seman, tsohon masunci da injinsa ya mutu tun damina, yake tuƙa kwale-kwale da hannu yana da shekara sittin da bakwai. Surukinsa ne ya ba shi siririyar sanda ya ce ya gwada sa'a.

Kafin azahar Farfesa ya fito da kifi mai laba huɗu da zarensa na manya, ya zaga da shi bakin tafki sau biyu. Ana cikin haka wani ƙaton kifi mai jan wutsiya da muke kira sebarau ya haɗiye ƙugiyar Baba Seman. Minti arba'in tsohon yana saki yana ja, gumi na zuba, har kifin ya gaji ya kwanta. Aka ɗora a sikeli: laba tara, da zaren laba huɗu. Ko wanda bai yi makaranta ba ya san Farfesa ya koma na biyu.

Farfesa ya karɓi zaren tsohon, ya murza a yatsu, ya ɗan cije shi, ya lumshe ido.

"Laba shida ne wannan, in ma bai kai takwas ba. Yatsun nan ba su taɓa yi mini ƙarya ba."

"Malam, abin da ke rubuce a kwali shi na sani," in ji Baba Seman. Idonsa na kan injin.

"Kwali takarda ce, Baba. A kawo bokitin gwaji."

Aka ɗaura zaren a reshen mangwaro, aka rataya bokitin roba, Farfesa ya shiga zuba ruwa da kofin da ya ce laba guda yake ci. Ɗaya, biyu, uku. Yana gama juye na huɗu zaren ya tsinke, ruwan ya wanke masa takalma.

Baba Seman ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya ce, a hankali, "To Malam, tunda bokitin na nan, a gwada naka mana, mu ma mu ƙaru."

Farfesa ya yi murmushin malamai. "Ku matso ku ga yadda zaren manya ke tsinkewa cikin mutunci."

Kofi ɗaya. Kofi biyu. Ya ja da baya don kada ya sake jiƙewa. Shiru. Kofi uku, kofi biyar. Ya ce sanyin tafki ne ya riƙe zaren. A kofi na tara ya ce reshen ne ke taimakawa. A na goma sha shida bokiti ya cika ya tumbatsa, zare na nan a miƙe ko gezau. Wani maras kunya ya ƙara rataya wa zaren kwakwa guda.

"An cuce ni," in ji Farfesa. Ya juya wajen Madam Yeoh, mai shagon kayan fatsa, wadda ta kafa teburinta a inuwa. "Madam, me kika sayar mini?"

Ta ajiye mafici. "Malam Baharom, ka tuna shekarar da ka fara? Sau tara ka zo shagona a wata guda kana ihu wai zarena ruɓaɓɓe ne. Ba zaren ba ne, hannunka ne. Fizga kake kamar mai tuge rogo. Na gaji, sai na naɗa maka na laba ashirin, irin siririn nan na saƙa, na sa a kwalin laba biyu. Shekara shida ke nan ba ka dawo da ƙara ba. Kai ma ka murza ka ce ba ka taɓa ganin mai laushinsa ba."

Aka kinkima inji zuwa kwale-kwalen Baba Seman. Tsohon ya shafa shi ya sake shafawa.

Saura karanta sakamako, wanda a doka aikin shugaba ne. Farfesa ya ɗauki lasifika ya karanto daga na ɗaya, murya na raguwa kaɗan-kaɗan, har ya kai na arba'in. Ya dubi sunan da ya rage a ƙasan takarda. Ya yi gyaran murya, ya buga lasifikar da tafin hannu.

"Abin maganar nan ya lalace," in ji shi.

Har masu shanya taru a tsallaken tafki sun ji shi sarai.