Sarkin Taga da Motocin Sha'ir

"Sittin da bakwai!" in ji Darakta, yana buga takardar bango da sandarsa. "Jiya mota sittin da bakwai ta shigo ƙofar nan. Bara war haka goma sha biyu ce. Kai kuma ka hawo bene kana ce mini sha'ir ya ƙare?"

"Yallaɓai, cewa na yi ka sauko ka gani," in ji mai kula da sito, yana juya takardar da ke hannunsa.

"In sauko? Malam, daga sama ake yin ilimi. Ku na ƙasa tayoyi kawai kuke gani."

Dole a yi wa Daraktan Sashen Hasashen Sha'ir adalci. Ƙasa ba ta taɓa haifar mai hangen nesa irinsa ba. Ita dai ba ta noma sha'ir, a jirgin ruwa ake kawo mata shi don abincin dabbobi. Saboda haka sauran masana suke wahalar da kansu da bin labarin damina a ƙasar da ke sayarwa, da buga waya tashar jiragen ruwa. Shi Allah ya hutar da shi. Kayan aikinsa uku ne: kujera, taga, jan biro. Duk motar da ta shigo harabar sito, ya ja ɗan layi. Da yamma ya haɗa, ya ƙara wa babban layin da ke bango tsawo. Ma'aikata suka sa masa Sarkin Taga. Da labari ya kai masa, sai da aka roƙe shi kafin ya fasa bugawa a katinsa. Har taron ƙasa da ƙasa ya kai dabarar, aka yi masa tafi mai ƙarfi, don shi ne mai jawabi na ƙarshe kafin abinci.

Kuma a shekarun wadata dabarar ba ta taɓa kunyata shi ba, tunda motocin daga tasha suke zuwa, cike fal. Sai ƙasar da ke sayarwa ta yi fari, ta hana fitar da ko ƙwaya ɗaya. Jirgi ya daina zuwa. Motocin da ke shigowa yanzu na masu nema ne: masu injin niƙa, masu kaji, masu shanun madara. Su shigo wayam, su jira, su fita wayam, gobe su dawo da maƙwabtansu. Amma daga bene, mota cike ko wayam, tamfol ɗin da ya rufe ta tamfol ne. Sha'ir na raguwa, layin Darakta na hawa. Ya wuce takarda, aka liƙa wata. Ya wuce ta, ya hau fenti. Yanzu sai Darakta ya taka kujera yake kamo bakinsa.

Mai sito ya dubi agogo. Sha ɗaya saura kwata. Takardar hannunsa ta neman izini ce: akwai wani jirgi a teku da lodin da bai sami mai saye ba, in ofishin saye ya ga sa hannun Darakta kafin sha biyu, za a juyo da shi ya iso cikin kwana goma. In aka wuce, sai bayan wata uku. Yayar mai sito, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, tana can ƙasa cikin layin motoci. Shanunta arba'in abincin sati biyu ya rage musu, shi ma da taka-tsantsan. Mahauta har sun fara zuwa gaishe ta.

"In sa hannu a wannan," in ji Darakta, "duniya ta ce me? Layina ya yi ƙarya? Ka buɗe kunnenka da kyau. Baɗi mu ne za mu fara sayar wa waje da sha'ir. Na riga na rubuta jawabin."

Ya jawo jawabin, ya karanta. Mai sito mutum ne mai haƙurin sauraro, ya tsaya har shafi na tara, yana cewa "haka ne" a duk inda Darakta ya ɗago kai. Sai da ya ga ya tsaya shan ruwa ya ce a hankali, "Yallaɓai, jawabi irin wannan ba hoto? Ai da ka tsaya a tsakiyar siton na ɗauke ka."

Darakta ya ajiye kofi. Tun da aka ɗauki mutumin nan aiki, yau ya fara magana mai ma'ana. Ya taje gashin baki, ya sa kwat, ya sauka.

A haraba direbobi suka miƙe daga inuwar motocinsu suna kallonsa. Ya ɗaga musu hannu biyu, don tarba irin wannan ba a raina ta. Wata mata mai takalmin roba, ƙafafunta duk taɓon garke, ta ratso ta tsakiyarsu.

"Ƙanena, wannan ne mai ƙirga mu?"

"Yaya, don Allah."

"Yallaɓai, barka da saukowa. Ni kaɗai ka ƙirga ni sau goma sha tara. Ashe ni ce arzikin ƙasa, ba wanda ya gaya mini."

Darakta ya yi murmushin manya, irin wanda ake yi wa maganar da ba a gane ba. Mai sito ya tura ƙofar ƙarfe.

Sito ne babba, mai cin buhu dubu hamsin. An share shi tas. Daga ƙofa har bangon ƙarshe babu komai sai hasken rana da ke zubowa ta ramukan kwano. Darakta ya taka ciki, takalminsa na amsa kuwwa. Ya duba dama, ya duba hagu, har sama ya duba. Sannan ya ga wani faffaɗan ƙarfe mai ɗan tudu kusa da ƙofa, kuma da yake mutum ne da ba ya ganin tudu ya ƙyale, ya hau, ya gyara murya.

"Wannan," in ji shi, "wannan shi muke kira, a ilimance, saurin rarrabawa."

"Rarrabawa," in ji bangon.

Yaya ba shi take kallo ba. Allurar da ke gefen ƙarfen take kallo, don sikelin awon buhuna ne Darakta ya hau.

"Kilo ɗari da tara," ta ce da ƙarfi yadda direbobi za su ji. "Ƙanena, kaya sun iso! Sati uku ke nan sikelin nan bai ga lodi ba." Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Sai dai shanu ba sa cin irin wannan."

Dariya ta cika siton, shi ma siton ya taya su.

Mai sito bai yi dariya ba. Ya miƙa takarda da biro. Sha biyu saura ashirin. Darakta ya karɓa, ya waiwaya neman inda zai ɗora ta. Babu tebur, babu ko buhu ɗaya. Mai sito ya juya, ya duƙa, ya ba shi bayansa.

"Dama," in ji Darakta, yana rattaba hannu a takardar da ke bayan mai sito, "tun watan jiya na hango wannan."

"Haka ne, Yallaɓai."

Mai sito ya ninke takardar ya sa a aljihu. Yaya ta riga ta tayar da motarta, ta buɗe masa ƙofa don ta kai shi ofishin saye. Ya nufe ta da sauri, ya bar Darakta tsaye a kan sikeli, shi kaɗai ne kayan da ƙasa ta mallaka a sito.