Farar Masarar Verna Ta Yi Dabbare-Dabbare

Awa huɗu na yi ranar Talata a layin matatar itanol, inda ake mayar da masara man mota, mota cike da masara, saboda sikelin ƙofa ya lalace. Sikelin nan ne Mai Girma ɗan majalisarmu ya zo da almakashi ya buɗe a farkon shekara, har da 'yan busa. Da muka ga ba motsi sai muka sauko muka jingina da tayoyi, aka ɗauko zancen Verna Hruska.

Duane, manomi irina, ya ce taurin kai ne zai kai ta kabari. Wani ya ce eka biyu take ɓatawa da farar masarar kakarta, wadda babu matatar da za ta saya. Wani ya ce duk dillalin irin da ya kira ta, kafin ya gama faɗin sunansa ta kife waya. Bakunan da suka gama wannan su ne kuma suka koma ƙorafi: wai bana ta ƙi yin burodin masarar Ranar Manoma, alhali don shi rabin gari ke zuwa. Wa ta ɗauki kanta?

Ban ce uffan ba. Mutane sun saba ɗaukar shiruna a matsayin hankali. Wannan karon ba hankali ba ne. Gonata ce a kudu da tata, iskar damina kuma daga kudu take zuwa.

Ka tsaya a kan gadar garinmu, duk inda ka juya masara ce har ƙarshen gani, amma babu ƙwaya ɗaya da za ka kai baki. Mota ke sha, aladu su ci dusa. Kantin abincinmu ya rufe shekara shida ke nan, sai ka yi mil talatin kafin ka sayi garin masara a kwali, da tsadar da za ka rantse daga wata duniya aka kawo shi. Verna kaɗai ke noma wadda mutum ke ci. Irin yana hannun gidansu tun kafin a ja wutar lantarki zuwa yankin nan, kuma ba a sayar da shi ko'ina. Shi ya sa shekara ashirin da biyar nake shuka waken soya a ɓangaren da ke bin shingenta, don kada ƙurar furen masarata ta faɗa wa tata. Ba takarda, ba shaida. Haka na tarar mahaifina yana yi.

Sai ga taron ƙungiyarmu ta manoman masara a watan Fabrairu. Mai Girma ya zo daga babban birni cikin rigar aiki sabuwa fil, har da alamar ninki a baya, Allah ya ƙara masa tawali'u. Ya ce dokar da za ta ƙara yawan man masara a fetur ta kammalu, saura sa hannu. Ya ce kowa ya shuka har jikin shinge, kada a bar ko taki ɗaya, ƙasa na jiranmu. Ni da na koma ajin koyon karatu ina da shekara hamsin da shida, har yanzu ina jin nauyin duk wanda ya iya karanta takarda bai yi tuntuɓe ba. Na tafa har tafina ya yi ja. Na manta cewa wannan sa hannun tun zaɓe uku da suka wuce yake saura.

Ranar da na kawo tarakta bakin shinge, Verna ta fito da kofin shayinta ta tsaya tana kallon buhunan irin masara.

"Merle, ka san abin da iska za ta yi."

Na ce zan duba. Ban duba komai ba. Na ƙara wa tarakta wuta don kada in ji sauran.

To, kowa ya shuka har jikin shinge kamar yadda aka umarta, Allah kuma ya ba da albarka, masara ta yi yawa, farashi ya faɗi warwas. Ƙwai da nama a kanti kuwa ba su ji labarin faɗuwar ba. Ƙungiya ta tura mutum tara babban birni su matsa lamba. Sun yi kwana biyar a otal, sun dawo da hotuna da kuma huluna, kowace an rubuta mata cewa manomi shi ne gaba. Dokar tana hannun kwamiti. Na samu hula ɗaya, kore, ta ɗan yi mini yawa.

Ranar Asabar aka yi Ranar Manoma, Mai Girma ya sake zuwa. Aka kawo masa burodin da matar shugaban ƙungiya ta haɗa da garin kwali. Ya gutsura, ya lumshe ido, ya ce wannan shi ne ainihin ɗanɗanon ƙasarmu, ba a samunsa a birni. Daga birnin aka sayo shi ranar Alhamis. Ya bayyana mana cewa tsadar abinci laifin ɗaya jam'iyyar ce, arahar masara ma laifinta ce. Na jinjina wa jam'iyyar da ke iya tsada da araha a lokaci guda. Da aka zo tambayoyi, Duane ya miƙe ya tambayi inda dokar ta kwana. Aka ce saura sa hannu. Sai Duane ya ce:

"Ranka ya daɗe, ko biro ne babu? Kamfanin iri ya ba ni uku."

Aka yi dariya, Mai Girma ya fi kowa, ya ce irin wannan raha ce ke sa yake son mutanen karkara. Daga nan ya tambaya ina tsohuwar nan mai burodin bara. Shugaban ƙungiya ya ce ba ta jin daɗi. Ni kuwa na ajiye farantina na fita.

Na sami Verna a rumfar bayan gidanta da kwanduna a gabanta. Farar masarar ta yi dabbare-dabbare, kowane goyo da ƙwayoyi rawaya a warwatse cikin farare. Duk rawaya ɗaya tawa ce. Sai an cire su ɗaya bayan ɗaya kafin a samu irin baɗi, in wata ta sulale ta shiga, shekara biyu uku masarar kakarta ta zama irin tamu. Kwana goma sha ɗaya tana wannan aikin ita kaɗai, da yatsun da sanyin ƙashi ya lanƙwasa, ga kwanduna fiye da rabi ba a taɓa ba. Shi ne ya hana ta yin burodi.

Ba ta gaishe ni ba. Ta turo mini kujera da ƙafa, ta miƙo wata dakusasshiyar wuƙa. Na zauna na soma bayanin da na shiryo a mota: yadda aka yi alkawari, yadda ƙungiya ta ce, yadda Mai Girma da bakinsa...

"Shi ya tuƙa taraktar?"

Na ɗauko goyo na soma cira. Na nemi inda zan zuba rawayar da nake cirewa ban ga kwano ba, sai na tuɓe koriyar hular na kifa ta a gwiwa. A iya sanina, shi ne amfanin farko da tafiyar mutum taran nan ta yi wa wani manomi.

Mun yi wajen awa biyu muna cira. Hular ta cika sau biyu. Da na ɗauko goyo na gaba na ga ya fi rabi rawaya, sai na ajiye wuƙar.

"Verna, na ji ki sarai ranar nan, na yi kamar ban ji ba. Laifina ne. Ki yi haƙuri."