Ranar da Na Amsa wa Rakiya Tambaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yata Rakiya ta tsaya gaban malamanta don kare binciken da ta yi na kammala jami'a, abin da suke kira sutanans. A kan ciwon hanta ta yi shi, ciwon da ya ɗauke mahaifinta tana 'yar lakwal, wato ƙaramar makarantar boko.

A tsakar gidanmu na unguwar Ganou take bita, ina feraye doya, tana yi mini bayani da Hausa. Ta ce hanta ƙananan ƙwayoyi ne jingim, kuma Allah ya yi su da kunya: duk wadda ta lalace, da kanta take kashe kanta don kada ta ɓata sauran. To ƙwayar cutar da ke kawo ciwon tana ƙera wasu sinadarai, furotin. Akwai wani mai suna X, shi ne munafukin. Wani lokaci ya hana lalatacciyar mutuwa har ta hayayyafa ta zama ciwon daji, wani lokaci ya ingiza su su yi ta mutuwa har hantar ta gaji. Na ce, "Wato ruɓaɓɓiyar doya ce aka hana fita daga tsibi." Ta ce, "Inna, kin gama." Na haddace shi tsaf, har ina yi wa abokan ciniki a kasuwar Arzèkè (ba wadda ta tambaye ni).

Ranar sutanans ɗin, Yaya Salamatu, yayar marigayi, ta taso daga Djougou. Muka sha anko, muka hau zemijan, wato babur na haya, muka zauna a layin gaba. Rakiya ta zuba Faransanci kamar ruwan famfo. Ni nawa bai wuce na ciniki ba, amma duk inda na ji X sai in gyaɗa kai.

Sai wani malami mai furfura ya tamke fuska ya jefo tambaya. Rakiya ta yi shiru. Kun san mu 'yan ajin yaƙi da jahilci, ba ma barin 'yar'uwa ta maƙale a allo. Da ta yi shiru, ta kusa da ita ke ɗauka. Ni da ake cewa sai an kasa kunne ake jin maganata, sai ga ni tsaye, yatsa a sama.

"Gafara malam! Shi X ɗin ne ke hana ruɓaɓɓiyar mutuwa!"

Har misalin doyar sai da na kawo. Ɗalibai suka kece da dariya. Ashe tambayar a kan firjin da ta ajiye jini ce, yadda ta yi da shi in an ɗauke wuta, yarinya kuma tunani kawai take yi.

Yaya ta fizgo gyalena. "Zauna, Farfesa, kafin ki raba musu takardun magani."

Can aka ce kowa ya fita. Ban san haka ake yi ba in malamai za su yi shawara. Na ɗauka ni na jawo aka kore mu. Na jingina da bango ina hawaye, ina cewa na rushe wa marainiya wahalar shekaru. Rakiya ta riƙe hannuna. "Inna, ki bari. Ai Baba kika tuna."

Da aka kira mu, kowa ya miƙe, aka ce ta ci, har da yabo. Yaya ta rangaɗa guɗa. Mai furfurar nan ya tako wurina, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Maman, amsa ya yi kyau. Tambaya ne bai zo ba tukuna."

Yanzu dai na gane: ita ƙwayar hanta ta san lokacin da za ta janye shiru, ni uwar mai binciken ce ban sani ba. Amma hoton Rakiya yana rataye a rumfata, kuma duk wanda ya tsaya kallonsa, tambaya ko ba tambaya, sai ya ji labarin X.