Kallamu da Wayar Inna

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani mutum ana ce masa Kallamu. Ba mugu ba ne, ba malalaci ba, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum. Gemu ya fito masa tuni, wayo ne dai ya ƙi biyo baya. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Tasalla, wadda idonta ya tafi. Yayarsa Lantana da ke aure a birni ta aiko wa Inna waya, haɗe da sharaɗi: in har lokacin girbi ya yi Inna ba ta iya kiranta da kanta ba, za ta zo ta ɗauke ta. Inna kuwa ta rantse ba mai raba ta da ɗakin da mijinta ya gina mata. Maƙwabta sun yi ta koya mata, kowa sai "Danna nan, danna koren nan." Ita kuma ta ce, "Ina ne nan ɗin? Wane kore?"

Wata rana Kallamu ya kai wayar wurin Ɗanliti mai gyaran waya a kasuwa. Ɗanliti ya kunna mata muryar da ke karanta wa makafi allo, ya ce, "To, yanzu duk abin da ka taɓa za ta faɗa maka sunansa." Kallamu ya dawo gida baki har kunne. Ya taɓa randa, ya kasa kunne, shiru. Ya taɓa turmi, shiru. Ya bi akuya da gudu ya kamo wutsiyarta, akuya ta ce mee, ta tokare shi. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce, "Inna, wayar nan 'yar birni ce, ko akuya ba ta sani ba."

Wata rana kuma Ɗanliti ya nuna masa madubin cikin waya da aka yi wa masu raunin gani. Ya ce, "Duk abin da ka haska, zai ƙara girma." Da rana Inna ta sa masa tuwo da tsoka ɗaya tal. Gogan naka ya haska tsokar, ya ga ta cika allo, ya ce, "Allahu akbar!" Ya janye waya, tsoka ta koma yadda take. Ya sake haskawa, ya ce bari a ba ta lokaci ta zauna. Yana nan riƙe da waya har tuwo ya sandare, mage ta zo ta yi gaba da tsokar.

Wata rana aka ce masa wayar tana jin magana, ya yi mata magana kamar yadda zai yi wa mutum. Kai, ka ga ladabi! Ya shimfiɗa mata tabarma, ya durƙusa. "Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen gida?" Waya ta ce ba ta gane ba. Ya sake gaisuwa daga farko, ta sake cewa ba ta gane ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Inna, wannan ba ta da tarbiyya." Inna ba ta yi dariya ba, don ta ji ana cewa gero ya fara nuna. Sai ta juya masa baya tana share hawaye.

Washegari Kallamu ya koma kasuwa. Ɗanliti ya gaji da shi, ya ce, "Malam, ba don mai ido aka yi muryar nan ba. Je ka rufe idonka ka koya, ka ƙyale ni!" Kallamu ya dawo gida, ya ɗauki ɗankwalin Inna ya ɗaure ido tamau. Ya yi karo da turmi, ya kawar da shi gefe. Igiyar shanya ta shaƙe shi, ya ɗaga ta sama. Duk abubuwan da Inna ke tuntuɓe da su kullum, sai da ƙaurinsa ya san su. Unguwa ta yi ta dariya, shi ko yana zaune yana jan yatsa a kan allo yana saurare. A hankali ya gane kan wayar. Ya kama yatsan Inna ya ce, "Ba nan, ba kore. Ki ja dama, ki saurara. In kin ji ta ce Lantana, ki buga sau biyu."

Inna ta ja, ta saurara, ta wuce, ta dawo, ta buga. Sai ga muryar Lantana raɗau. Inna ta ce, "Ni ce. Ki zo ki gaishe ni in kina so, amma ba inda za ni." Lantana ta ce, "Inna, faɗa mini gaskiya, wane mai idon ne ya kira miki?" Inna ta miƙa hannu ta shafa kan Kallamu, ta ji ɗankwali yana nan ɗaure, tunda ba wanda ya ce ya kwance. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wallahi, 'yar nan, yau babu mai ido a gidan nan."